Nawa solar gidanka ke bayarwa? Hanyoyin awo masu araha da inda suke yaudarar mutum

Yawancin masu sola ba sa sanin wani abu ya lalace sai daren da wuta ta ɗauke tun ƙarfe biyu, alhali da can tana kaiwa asuba. Kafin a kai ga haka, matsalar ta yi makonni tana ruruwa: ƙura ta taru, ko wani mahaɗin waya ya yi sako-sako yana zafi, ko reshen bishiya ya tsawaita ya fara yi wa fanel inuwa. Batir ne ke ɗaukar asarar a ɓoye, yana sauka ƙasa da ƙa'ida kowane dare, har ya gaji. Da akwai awo, tun a makon farko za a gani. Kuma awon nan ba ya buƙatar kayan tsada. Abin da yake buƙata shi ne a san tambayar da ake yi, a sa mita a inda za ta amsa wannan tambayar, a kuma sami abin da za a gwada lambar da shi.

Lambar da ta fi ɗaukar ido a fuskar inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket ɗin gida, ita ce wat, ita ce kuma ta fi ƙarancin amfani. Wat yana nuna abin da ke gudana a wannan daƙiƙar kaɗai. Gajimare ya gifta, ya faɗi, ya wuce, ya tashi. Abin da gida ke ci kuwa jimilla ce, wato wat a ninka da awa, wanda ake tarawa a kira kilowat-awa, kWh. Kamar famfo ne da jarka: ƙarfin zubar ruwa daban, abin da ya taru a jarka zuwa yamma daban. Duk mitar da ba ta tara kWh ba, ta binciken matsala ce, ba ta sa ido ba.

Sai kuma abin gwadawa. Wat ɗin da aka rubuta a bayan fanel an auna shi ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, fanel ɗin kuma yana kan zafin digiri 25. A kan rufi da tsakar rana jikin fanel yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana cire kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. A digiri 60 ke nan an rasa kusan kashi 12, fanel mai wat 400 ya koma wajen 350 tun ba a zo kan ƙura da asarar waya ba. Wanda ya ga 330 ko 340 a rana mai zafi ba a cuce shi ba.

Lissafin yini guda mai sauƙi ne. A tara wat ɗin fanel-fanel, a ninka da awannin cikakkiyar rana na wurin, sannan a ninka da 0.75 don cire asara. Awannin cikakkiyar rana ba tsawon yini ba ne. Hasken yini ne gaba ɗaya idan aka dunƙule shi ya zama mai ƙarfin 1000 ɗin nan, kuma a wurare masu rana sosai yakan kama tsakanin 4.5 da 6. Shafin PVGIS na Tarayyar Turai da Global Solar Atlas na Bankin Duniya suna ba da wannan kyauta ga kusan duk inda ka nuna a taswira, PVGIS har wata-wata. Misali, fanel huɗu masu wat 400 sun zama 1600. A awa 5 sun ba da kWh 8 a takarda, a zahiri kuwa kusan 6. Wannan 6 ɗin ita ce ma'aunin farko. Ma'auni na biyu, wanda ya fi shi gaskiya, shi ne abin da solarka da kanta ta bayar a rana mai garau bayan an wanke fanel. A rubuta wannan lambar a ajiye, da watan da aka same ta.

Tarkon da ya fi kama masu batir

Akwai abu guda da ke rikita awon duk solar da ke cajin batir, kuma shi ya sa mutane da yawa ke zargin fanel ɗinsu a banza. Kantirola, na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji, ba ta jan duk abin da fanel zai iya bayarwa. Tana jan abin da batir da lodin gida, wato kayan wutar da aka kunna, ke buƙata ne kawai. Da zarar batir ya kusa cika, sai ta fara rage ja, har ya zamana da ƙarfe ɗaya na rana, rana na tsaka, mita na nuna wat 150 a kan fanel masu 1600. Babu abin da ya lalace. Wurin zubawa ne babu. Don haka ƙaramar lamba a ranar da gida ya kwana ba kowa ba ta nufin komai, kuma ranar da aka fi samun kWh mai yawa sau da yawa ita ce wadda ta biyo bayan daren da aka fi cinye batir.

Hanyar fita daga wannan tarko biyu ce. Ko dai a duba wat da hantsi, tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya, lokacin da batir bai cika ba kuma kantirola na matakin caji na farko, ko kuma da tsakar rana a kunna lodi mai nauyi kamar dutsen guga ko famfon ruwa, a ga iya inda wat ɗin fanel zai tsaya. Idan an ƙara lodi wat bai ƙaru ba, batir kuma ya fara bayarwa, to an kai maƙurar fanel a wannan lokacin. Wannan ita ce lambar da za a rubuta. Solar da ke tura rararta zuwa layin kamfanin wuta ba ta da wannan matsala, domin kullum tana da inda za ta zuba.

Abin da ka riga ka saya

Kafin sayen komai, a duba kantirola da inbata. Kusan duk kantirola ta MPPT, irin mai laluben inda fanel ya fi ba da ƙarfi, da inbata mai haɗe da caja suna tara kWh na yini da na jimilla a cikin shafukan fuskarsu, sai dai mutane ba sa latsawa su kai wurin. Littafi da biro sun isa: kowace yamma bayan faɗuwar rana a rubuta kWh na yini, boltej ɗin batir, da kalma ɗaya kan yanayin sama. Da asuba kafin rana ta fito a sake rubuta boltej. Wata guda na wannan rubutu ya fi manhaja mai kyawun zane da ba a buɗewa.

A sani dai mitar cikin inbata ba ta cika daidai ba, musamman idan amfiyar da ke gudana kaɗan ce. Wasu ma ba sa auna abin da ke shiga batir kai tsaye, lissafa shi suke yi. Wannan bai hana ta amfani ba, domin kuskurenta iri ɗaya ne jiya da yau, kuma abin da ake nema shi ne sauyi. Ƙananan kantirola na PWM masu arha kuwa, da yawansu amfiya kawai suke nunawa, wasu ma lambar ado ce. Kuma PWM tana jawo fanel ƙasa zuwa boltej ɗin batir: fanel mai wat 150 da ke ba da amfiya 8.3 a bolt 18, idan batir na kan 13.5, abin da zai shiga bai wuce wat 112 ba. Mai PWM ya rage tsammaninsa tun daga lissafi.

Batirin litiyam na zamani yana zuwa da allon kariya, BMS, kuma ire-iren JK, Daly da JBD da yawa suna da Bluetooth. Manhajarsu na nuna amfiyar shiga da fita, boltej ɗin kowane sel, wato ƙananan batiran da ke cikinsa, da zafin batir, ba tare da an ƙara ko waya ɗaya ba. Rauninsu shi ne ƙaramar amfiya: abin da bai kai rabin amfiya ko ɗaya ba wasu ba sa ganinsa, sai kason cajin da suke nunawa ya riƙa zamewa a hankali.

Kilam mita, da gwajin fanel ɗaya-ɗaya

Idan kayan awo ɗaya za a saya, a sayi kilam mita, mai bakin nan da ake buɗewa a maƙala wa waya. Amma a karanta jikinta da kyau. Mafi arha suna auna boltej na DC (wutar fanel da batir) da AC (wutar soket ɗin gida), amfiya kuwa ta AC kaɗai, kuma irin wannan ba ta ganin komai a wayar fanel ko ta batir. Sai wadda aka rubuta tana auna amfiyar DC. Kafin kowane awo a rufe bakinta babu waya a ciki a danna maɓallin sifili, domin takan tashi da 'yar lamba ta ƙarya. Waya ɗaya ake maƙalawa. Idan aka haɗa fozitib da nagatib a baki ɗaya suna soke juna, ta nuna sifili.

Da ita ake yin gwajin da ya fi saurin tona asiri. Idan fanel-fanel an haɗa su layi biyu ko uku a faralal, wato fozitib da fozitib, nagatib da nagatib, a maƙala wa kowane layi da tsakar rana yayin da lodi ke ja. Layuka masu fanel iri ɗaya da fuskanta iri ɗaya bai kamata su bambanta da fiye da kashi biyar zuwa goma ba. Wanda ya faɗi ƙasa shi ke da matsala. Haka ake auna ƙura: a wanke layi ɗaya a bar ɗaya, a gwada. Bambancin da aka gani shi zai nuna ko wanki duk mako ya dace ko duk wata ya isa, maimakon a yi ta hawa rufi bisa zato.

Gwajin fanel guda yana da matakai biyu, kuma lambobin da za a gwada da su suna bayansa. Na farko boltej ɗin fanel a sake, Voc: a cire shi daga layi, a sa multimita a kan wayoyinsa biyu cikin rana. Ya kamata ya zo kusa da abin da aka rubuta, ƙasa kaɗan idan ya yi zafi. Yawancin fanel suna da diyod uku a akwatin bayansu, 'yan na'urori masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kowanne na tsaron kashi ɗaya cikin uku na sel ɗin fanel. Idan Voc ya ragu da kusan sulusi cif, misali 27 a maimakon 41, diyod ɗaya ya haɗe. Gyaransa ba shi da tsada, amma ba awo ba a gane shi, domin fanel ɗin yana nan fes a ido. Na biyu amfiyar haɗe baki, Isc: a rufe fanel da kwali ko bargo, a haɗa wayoyinsa biyu da juna, a maƙala kilam, a yaye rufin, a karanta, a sake rufewa kafin a raba. Fanel ɗaya ba ya lalacewa da wannan. Abin da bai kamata ba shi ne a bi ta ramin amfiya na multimita, domin fis ɗinta yawanci amfiya 10 ne, manyan fanel na yanzu kuwa suna haura 13.

Boltej shi kaɗai yana ruɗi. Fanel da ya tsage ko mahaɗin da ya ci tsatsa zai iya nuna cikakken Voc, amma da an ɗora masa lodi ya zube. Shi ya sa amfiya ce ke faɗin gaskiya.

Wajibi ne a faɗi wannan ba tare da kwana-kwana ba: fanel goma masu bolt 41 a siris, wato a jere ɗaya na bin ɗaya, sun haura bolt 400 na DC, kuma ba su da maɓallin kashewa muddin akwai rana. Tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa kamar na AC. Ba a zare MC4, mahaɗin da ke bakin wayoyin fanel, yana ɗauke da lodi. A kashe bireka tukuna. A wajen kantirola kuma, fanel ake fara cirewa kafin batir, wajen mayarwa batir ne farko. Wanda bai saba ba ya tsaya a kilam, wadda ba ta taɓa ƙarfen waya, sauran ya bar wa mai gyara.

Shant: ƙaramin ƙarfe, babban aiki

Don sa ido na dindindin a ɓangaren DC, babu kamar shant. Ɗan guntun ƙarfe ne da aka san turjiyarsa daidai; wuta na bi ta cikinsa, 'yar boltej kaɗan ta faɗi a kansa, mita ta karanta ta mayar amfiya. Mafi yawa an yi su ne su ba da milibolt 75 ko 50 a cikakken lodinsu. Mitoci masu arha da ke zuwa da shi suna nuna bolt, amfiya, wat da kWh.

Wurin da aka sa shi ne ke tantance abin da yake faɗi. Tsakanin kantirola da batir, yana ƙirga girbin rana bayan asarar kantirola. A kan nagatib ɗin batir kai tsaye, yana ƙirga shiga da fita, wato ragowar da ke cikin batir. A wannan wuri na biyu dokar ɗaya ce: babu wayar da za ta taɓa nagatib ɗin batir sai ta shant. Kantirola, inbata, fitilun DC, duk a ɗaya gefen. Waya ɗaya da ta tsallake ta isa ta lalata lissafin gaba ɗaya, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Mita na cewa batir na kan kashi 80, inbata na kukan ya ƙare. Kuma a tabbatar mitar tana ƙirga ɓangare biyu, domin da yawa daga masu arha hanya ɗaya suke gani.

Girman shant ma abin lura ne. Mai amfiya 100 a cikakken lodi yana ƙona wat 7.5 a jikinsa, yana zafi, don haka ba a so lodin kullum ya wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Amma babba fiye da kima ma asara ce: mai amfiya 300 idan amfiya 2 ke bi ta kansa rabin milibolt yake bayarwa, abin da mita mai arha ba ta iya karantawa da kyau. A ɗaure ƙusoshinsa tam, siraran wayoyin awo su zauna a ƙananan ƙusoshinsu a murɗe da juna, wayar da ke ɗauko fozitib zuwa mita kuma a sa mata fis na amfiya ɗaya dab da batir. Siririyar waya marar fis a kan babban batir ita ce ke zama gobara.

Wani haɗari da ba a cika ambata ba: wasu kantirola, musamman na PWM, fozitib ɗinsu ne a haɗe, ta nagatib suke yanke caji. Idan aka sa shant a nagatib ɗin fanel, aka kuma ciyar da mitar daga batir, wayar mitar za ta iya haɗa nagatib biyun, ta tsallake kantirola. Sakamakon ko siririyar wayar ta ƙone, ko batir ya yi ta shan caji babu mai tsayar da shi. Mafita ita ce a auna a gefen batir, ba a gefen fanel ba, sai in an tabbatar da irin kantirolar daga takardarta.

Me ya sa ba za a dogara da boltej kawai a san cajin batir ba? Ga batirin dalma mai bolt 12 yana ɗan aiki: wajen 12.7 a cike, wajen 12.2 a rabi, amma sai ya huta na wasu awanni babu caji babu lodi, abin da ba ya faruwa a gidan da ake zaune. Ga litiyam irin LiFePO4 kuwa boltej kusan a shimfiɗe yake, sel na zaune tsakanin 3.2 da 3.3 a mafi yawan zangonsa. Ƙirgen shant ne kaɗai mafita, shi ma yana zamewa, sai batir ya cika sosai lokaci-lokaci mitar ta koma ɗari bisa ɗari ta daidaita kanta. Kuma dole a shigar mata da ainihin ƙarfin batir na yanzu, ba wanda aka rubuta a kwali shekara uku da suka wuce ba.

Ɓangaren AC

Nan abin ya fi sauƙi. Mitar kWh ƙarama da ke zama a akwatin bireka, irin Eastron SDM120 da makamantanta, a sa ta a bakin fitar inbata, ta ƙirga duk abin da gida ya ci. Ba ta buƙatar intanet, ba ta mantuwa idan wuta ta ɗauke. Da yawansu suna da 'yar fitila mai ƙiftawa, an rubuta adadin ƙiftawar a kowane kWh. Idan 1000 ne, kowace ƙiftawa wat-awa ɗaya ce, kuma 3600 a raba da daƙiƙun da ke tsakanin ƙiftawa biyu ya ba da wat: daƙiƙa 6 na nufin wat 600.

Da aka sami girbin fanel a hannu ɗaya da cin gida a ɗaya hannun, gibin da ke tsakani shi ne asarar tsarin, kuma yakan ba mutane mamaki. Batirin dalma yana mayar da kusan kashi 80 zuwa 85 na abin da aka zuba masa, litiyam wajen 95. Inbata na cin nata a kan kowane lodi, sannan tana da cin zaman banza: babbar inbata da ke jan wat 40 ko babu abin da aka kunna ta cinye kusan kWh ɗaya a awa 24. A tsarin da ke girbin 6, kashi ɗaya cikin shida ke nan ya tafi a kunne kawai.

Masu amfani da zoben awo na CT, wanda ake maƙalawa a waya ba a yanke ta ba, su kula da abu uku. AC kaɗai yake gani. Yana da fuska, idan aka juya shi mita mai gane hanya za ta nuna ana bayarwa a inda ake karɓa. Kuma irin wanda ba shi da turjiya a cikinsa, kamar SCT-013-000, ba a barin wayoyinsa a sake yana maƙale a waya mai wuta, domin boltej mai haɗari na iya tashi a bakinsu. Sannan amfiya kaɗai ba ta isa a san wat ba. Firji ko famfo na iya jan amfiya 2 a bolt 230, lissafi ya ba da 460, alhali ainihin abin da yake ci bai kai 300 ba. Sai mitar da ke auna boltej da amfiya tare. Idan inbatar ba mai tsabtatacciyar wuta ba ce, mitar da ba a rubuta mata True RMS ba, wato mai iya auna AC kowace irin siffa, za ta yi ƙarya.

Idan ana son gani a waya

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan sandan Wi-Fi da kamfanin inbata ke sayarwa. Yana aiki, amma yawanci duk bayan minti biyar yake aika bayani, ta sabar kamfanin yake bi, kuma Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai yake kamawa, wanda shi ne dalilin da ya fi hana shi haɗuwa tun farko. Intanet ta yanke, tarihin wannan lokacin na iya ɓacewa.

Mai ɗan sanin haɗa waya zai iya yin nasa da ƙaramin allon ESP32 da manhajar Tasmota ko ESPHome, dukansu kyauta. A AC, ƙaramar na'urar awo PZEM-004T na ba da bolt, amfiya, wat da kWh, sai dai ba ya bambance shiga da fita. A DC akwai PZEM-017 da ke magana ta RS485, wata hanyar aika bayani ta waya biyu, akwai kuma ɗan allon awo INA226, wanda iyakarsa ta milibolt 81.92 ta dace da shant mai 75, yana kuma ganin hanya biyu. Amma bolt 36 ne maƙurarsa: ya yi wa tsarin 12 da 24, tsarin 48 da ke haura 56 wajen caji zai ƙona shi, sai INA228 mai kaiwa 85. Kada a dogara da ƙofar awon boltej ta cikin ESP32 don karanta shant, ba ta da daidaito a ƙananan lambobi.

Mafi kyau ma shi ne a karanto lambobin da kantirola ta riga ta auna. Na kamfanin Epever suna magana da yaren na'ura mai suna Modbus ta RS485, na Victron ta VE.Direct, inbata da yawa kuma suna da RS232. Ramin RS485 ɗin yakan yi kama da na wayar intanet, amma ba shi ba ne. Akwai wuta a wasu ƙafafunsa, kuma cusa shi a rauta na iya lalata ɗayansu. Idan an haɗa babu amsa, kusan kullum ɗaya cikin uku ne: an juya wayoyin A da B, ko saurin magana bai yi daidai ba, ko lambar adireshin na'urar ba ita ba ce. Ajiye tarihi kuma aikin manhajar Home Assistant ne a kan 'yar kwamfutar Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfuta ƙarama. A ciyar da kayan awon daga batir kai tsaye ta ƙaramar na'urar rage boltej, ba daga soket ɗin inbata ba. In ba haka ba, lokacin da inbata ta mutu, wato lokacin da aka fi son sanin abin da ya faru, mai rubutun ma ya mutu tare da ita.

Akwai wata dabara mai arha ƙwarai da ke raba gardama tsakanin laifin sama da laifin fanel. A sami ƙaramin fanel mai wat 5, a kafa shi da karkata iri ɗaya da manyan, a haɗa wayoyinsa ta kan ɗan allon awo INA219, wanda allonsa ke zuwa da turjiyar om 0.1. Amfiyar da yake bayarwa a haɗe baki tana tashi da sauka daidai da ƙarfin haske. Idan shi ya nuna rana cikakkiya, batir bai cika ba, amma manyan sun gaza, laifin ba na gajimare ba ne.

Karatun zanen yini

Amfanin rubuta wat duk minti shi ne siffar da yake zanawa. Rana mai garau tana ba da tudu mai santsi, ya hau da safe, ya sauka da yamma. Tudun da samansa ya shafe ya zama fili a lamba ɗaya kullum, kantirola ce ta kai iyakarta, fanel sun fi ƙarfinta. Ba laifi ba ne idan na ɗan lokaci ne. Wanda ya yanke ya gangaro tun kafin azahar, batir ne ya cika. Rami da ke bayyana a sa'a ɗaya kowace rana, yana matsawa a hankali cikin makonni, inuwa ce: tankin ruwa, turken eriya, ko bishiya. A haɗin siris inuwar da ta rufe 'yan sel kaɗan na iya kashe sulusin fanel. Tudun da siffarsa ba ta sauya ba amma yana gajarta kaɗan-kaɗan, sannan ya miƙe bayan ruwan sama, ƙura ce. Faɗuwa kwatsam zuwa rabi a tsarin layi biyu, fis ɗin layi ɗaya ne ko mahaɗinsa. Yankewa zuwa sifili da dawowa a tsakiyar zafi, ko inbata ce ke ɗaukar zafi tana kare kanta, ko wata ƙusa ce ta saki.

Tsufan fanel, wanda yakan kama wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, ba ya cikin abin da waɗannan mitoci za su gani a shekara guda, domin kuskurensu ya fi shi girma. Duk faɗuwar da ta kai kashi 10 cikin 'yan watanni ba tsufa ba ce, a nemi dalilinta.

Sau da yawa dalilin yana cikin waya. A auna boltej a wajen fanel da kuma a bakin kantirola a lokaci guda, lodi na ja. Wayar tagulla mai kauri milimita murabba'i 4, a nisan mita 10, wato 20 zuwa da dawowa, tana da turjiyar om 0.0875, a amfiya 20 tana zubar da bolt 1.75, wat 35 ke nan ya koma zafi. A layin bolt 18 wannan kusan kashi goma ne, a layin bolt 150 kuwa bai kai kashi biyu ba. Idan abin da aka auna ya zarce lissafin, matsalar ba tsawon waya ba ce, mahaɗi ne. A kashe bireka bayan awa guda na cikakken lodi, a bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu a kan robarsu. Wanda ya fi 'yan'uwansa ɗumi shi za a yanke a sake matsewa da sabon kai.